Kyamara Biyu a Kan Ba-Matsala

Wata daga cikinku ta rubuto min a ƙasan rubutuna na baya cewa, "'Yar uwa, ki auri bawan Allahn nan mana kowa ya huta." Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ban san Gwaggo ta iya buɗe shafi da sunan bogi ba. To tunda hutunku a wuyana ya rataya, bari in ba ku labarin kyamarar da na je saye, sai ku faɗa min wa ya kamata ya huta.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce auta a gidanmu. Ranakun aiki ina zaune a bayan wani shagon hoto, ina goge wa amare ƙuraje a kwamfuta har angwaye su riƙa tambaya ko an musanya musu ne. Wannan na neman abinci ne. Abin da raina yake so shi ne keke. Muna da ƙungiya ta mata masu tuƙa keke, duk ƙarshen mako mu fita bayan gari, ni ce mai bin su a baya ina ɗaukar bidiyo. In na dawo in zauna in yanka, in haɗa, in ɗora a shafinmu. Babu abin da na iya a duniya kamar wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da wayata nake ɗauka, ɗaure a hannun keke da robar tsohuwar tayar babur. Haka muka yi ta lallaɓawa har ranar da muka faɗa gargada a gangare, wayar ta ga ba za ta iya ba, ta yi tsalle ta sauka da fuska. Yanzu in saƙo ya shigo sai na karkata ta gefe kafin in gane ko gaisuwa ce ko zagi. Ga tserenmu na shekara yana matsowa. Dole in nemi 'yar ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a hular kwano, wacce ba ta tsoron ruwa, ba ta tsoron faɗuwa. Kuma mai araha, don albashin goge ƙuraje ba ya ɗaukar wargi.

Sai kuma shi, mai neman aurena. A gida Manaja suke ce masa, don manaja ne a wani kamfanin sayar da tayil. Ni da ƙawayena Ba-Matsala muke ce masa. Ka ce masa an ɗauke wuta, ba matsala. Ka ce an kawo, ba matsala. Ranar da na taka masa farin takalmi da gangan don in ga iyakarsa, ya kalli takalmin, ya kalle ni, ya ce ba matsala, har ya nemi ya ba ni haƙuri. Ba mummuna ba ne, kada ku ce na yi masa sharri. Dogo ne, gemunsa a daidaice kamar da rula aka ja, yana da turaren da ke riga shi shiga falo ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Tun zuwansa na farko na gaya masa sharaɗina ɗaya ne: kekena da bidiyona suna bi na duk gidan da zan shiga. Kun san amsar da ya bayar. Abin da ya hana ni sukuni kenan, don mutumin da yake ba kowace tambaya amsa ɗaya, ban san ta inda zan gane wacce ce ta gaske ba.

Ranar da maganar kyamara ta taso, Gwaggo ta iso tun da hantsi. Yayar Abba ce, takan ce wucewa ta zo yi, amma da jakar kaya take wucewar. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar fanka, ta zare mayafi ta ɗora a gwiwa, ta rungume 'yar jakarta kamar a falonmu ɓarayin gari suke taro. Umma tana tsintar shinkafa a faranti. Abba yana lungunsa kusa da taga, rediyo a kunne.

"Ke Auta, zo nan," Gwaggo ta ce. "Yaron nan ya gaji da sintiri. Kafin makon nan ya fita muna son amsa."

"Gwaggo, shi ya ce ya gaji?"

"Sai ya faɗa? Ba ki ga ya rame ba?"

"Wandon ne ya yi masa yawa."

"Ji ta, bakin nan kamar reza. Sa'o'inki suna goyon 'ya'ya, ke kina goyon hular kwano. Kai kuma ka yi shiru kana jin ta?"

Abba ya ɗan janye rediyon daga kunne. "Ku yi abin da ya dace," ya ce, ya mayar. Wannan ita ce gudummawarsa ga kowace rigima tun ina rarrafe.

Umma ce tawa a gidan nan. Ita ta nemo min wando mai faɗi da ba ya kama sarƙar keke, ita take cika min gorar ruwa in zan fita, ita take ce wa maƙwabta motsa jiki likita ya ce in yi, alhali ba wani likita. Ba ta ɗago daga farantin ba ta ce, "Yaya, a bar ta ta yi tunani."

"Tunanin me? Injin jirgi za ta ƙera?"

Sai wayata ta yi ƙara. Na karkata ta, saƙon Ba-Matsala ne.

"Gimbiya, na ji wayarki ta samu rauni. Gobe mu je ki zaɓi kyamara. Wacce ta fi kowace tsada."

"Wa ya gaya maka?"

"Gwaggo."

Na ɗaga kai na kalli Gwaggo. Nan take zip ɗin jakarta ya buƙaci gyara.

"Mai araha nake so," na rubuta, "kuma ni zan saya."

"Ba matsala."

"In ya saya miki ki karɓa hannu biyu," Gwaggo ta ce, wai ba ta san abin da ke cikin wayar ba. "Kuma ki sani, macen da ta karɓi kaya irin wannan ta amsa kenan. Ba a cin kyautar mutum a ce ana tunani."

To kun ji. Na fita neman abin ɗaukar keke, an mayar min da shi takardar amincewa.

Washegari muka je shagon. Ɗan siriri ne, mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Cajoji da igiyoyi sun rataya daga rufi, kabad ɗin gilashi cike da kwalaye, wata ƙaramar fanka tana juya zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mai shagon gajere ne, tabarau a goshi. Ya kalli takalmina na kambas, ya kalli agogon Ba-Matsala, ya san wanda zai yi wa murmushi.

"Ranka ya daɗe, me za a kawo?"

"Ni ce mai saye," na ce.

"Haka ne, haka ne," ya ce, yana ci gaba da kallon agogon.

Ya fito da guda biyu ya jera a kan gilashi. Ɗaya baƙa ce mai sheƙi, fuskar nuna hoto gaba, wata baya, kwalinta ma ya isa a rataye a falo. Ɗayar ruwan toka, ba ta da fuska a gaba, kwalinta ya ɗan lotse a gefe. A raina na sa wa ta farko suna Ranki-ya-daɗe, ta biyu Baiwar Allah.

Na fara tambayoyina. Batirin yana kai tsawon fita ɗaya ko sai na tsaya a tsakiyar hanya ina canji? In rana ta take, tana zafi ta kashe kanta? Ruwan sama yana shiga, ko sai an sa ta a gida na roba? In gilashin gaba ya fashe, ana canza shi ko sai a yi mata jana'iza? Wane katin memori take ci? Maƙalinta yana hawa kowace hular kwano? In gari ya yi duhun hadari, hoton yana zama kamar an watsa masa yashi?

Ba-Matsala ma ya ga bai kamata a bar shi a baya ba. Ya gyara murya. "Wacce manyan mutane suka fi saye?"

Mai shago ya ji an zo gidansa. Ya ɗaga Ranki-ya-daɗe da yatsu biyu. "Wannan, ranka ya daɗe. Akwai wani abu a cikinta da yake cinye girgiza. Ko a kan jaki ka ɗaura ta, hoton zai fito kamar a kan tebur aka ajiye ta. Sauti kuma tacewa take yi, ta zubar da hucin iska da haki, ta bar magana tsantsa."

"Waccan fa?" na tambaya.

Ya taɓe baki. "Ita kam abin da ta gani shi take faɗa. Kin girgiza, ta girgiza. Kin yi haki, duniya za ta ji. Tana da ɗan nata gyaran, amma kada ki jingina da shi. Batirinta dai ba laifi, kuma ta fi jure duka."

"Gimbiya," Ba-Matsala ya ce a hankali, "araha fa ba ta ado."

"Ba ado zan yi da ita ba. Faɗuwa za ta yi ta yi."

"Ba matsala. Amma a naɗe mana babbar."

Na ce babu abin da za a naɗe sai na gwada su duka biyu a kan keke. Mai shago ya ce ba a fita da kaya gwaji. Ba-Matsala ya ajiye makullin motarsa a kan gilashi don ya gyara hannun riga, mai shago ya kalli makullin, nan take ya tuna cewa waɗannan biyun dama na nuni ne, za mu iya dawo da su gobe da rana. Na sa katunana na memori a ciki, don ba na barin aikina a katin wani.

Da safe muka shirya zuwa wani tsohon filin wasa da ke da hanyar ƙasa a kewaye, ta bi ta bayan wasu itatuwa ta dawo. Gwaggo ta ce ba za mu fita mu biyu ba, mutane suna da ido. Amma gwiwarta, wacce ba ta taɓa hana ta zuwa gidan biki ba, ta tashi da ciwo. Sai Umma ta ɗauki lema da 'yar kujerar roba ta ce ita za ta raka mu. Na sa wandona mai faɗi, doguwar riga ruwan toka, ƙaramin hijabin da nake cusawa cikin wuyan riga don kada iska ta mayar da ni tuta. Shi kuwa farar riga ya sa, gugar ta yi kaifi, da takalmin ofis. Zuwa filin ƙasa. Akwai abin da ko bakina ba ya iya gyarawa.

Ga yadda nake gwaji. Kyamarorin biyu a kan hular kwano ɗaya, kusa da juna, don girgizar da ta samu wannan ta samu waccan. Ina liƙe 'yan fitilunsu da fuskar gaba da baƙin salatif, saboda ƙyaftawarsu tana ɗauke hankalin mai tuƙi in na matso kusa da ita. Sannan ƙa'idar aikin ita ce a kunna a manta. Ba a kashewa sai an gama gaba ɗaya, don abin da ya fi kyau kullum yana faruwa ne a lokacin da ka ce bari in huta. Daga baya a yanke abin da ba a so. Duk wannan na faɗa da ƙarfi, amma Ba-Matsala yana can yana goge ƙura daga takalminsa da hankici.

Na yi zagayena na farko da hular a kaina, na bi ta kowane rami da gangan. Da na dawo na ce masa, "Yanzu kai za ka sa. Ina son in ga yadda suke ɗaukar mai wucewa. Ka tsaya nan kusa da Umma, ka bi ni da kai kawai."

"Ba za ta ɓata min gashi ba?"

"Za ta ɓata."

"Ba matsala."

Na ɗaure masa igiyar a ƙasan gemun nan na rula, na hau kekena. Na wuce ta gabansa, na sake wucewa, sannan na miƙe dogon zagayen da ke bi ta bayan itatuwa. A can ba na ganin kowa, ba mai gani na. Iska tana dukan fuskata, tayoyi suna cin ƙasa, na manta da Gwaggo da makonta. Na ɗauki lokaci kafin in dawo, don a gaskiya ba na son dawowa.

Na same su yadda na bar su, Umma a ƙarƙashin lema, shi a tsaye yana gumi. Na cire masa hular, na kashe kyamarorin, na zare katunana. Ya ce shi zai mayar wa mai shago kayansa. Muna isa gida saƙonsa ya shigo: "Zan zo da yamma da ɗan abin mamaki." Na san abin mamakin, har launin kwalinsa na sani.

Bayan la'asar na shiga ɗakina na rufe ƙofa. Na ture kayan wanki daga kan gado, na buɗe kwamfuta, na fara da katin Ranki-ya-daɗe. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba: ta iya aiki. Ramukan da suka kusa karya min haƙora, a hotonta kamar a kan kwalta nake tafiya. Launi ya fito ras. Na ji zuciyata ta fara cin amanar aljihuna.

Sai na zo wurin da hular take kansa. Ga ni na wuce, ya bi ni da kai. Na sake wucewa, ya bi ni rabi. Da na ɓace a bayan itatuwa sai kyamarar ta koma kan takalminsa, ta koma kan motarsa, ta dawo kan takalmi. Sannan ya ɗaga wayarsa ya mayar da ita madubi. Ga fuskarsa nan cikin gilashi, yana duba gemu, yana karkata kai yana leƙen saman hular.

"Mama, ban ga wata fitila ba," ya ce. "A kashe suke ko?"

"Ina na sani, ɗana," muryar Umma ta amsa. "Ni da ko rediyon babansu ban iya kunnawa ba."

Na yi dariya ni kaɗai. Na kai hannu zan tsallake wurin, sai na ji Umma ta ja kujerarta kusa.

"Tunda ba ta nan, bari in gaya maka wata magana. Wannan keke da hoton, wasa ne. Kada ka yi gardama da ita yanzu, ka saya mata duk abin da take so. In ta shiga gidanka, ba sai ka hana ta kai tsaye ba. Yau ka ce rana ta yi zafi. Gobe ka ce mutane suna magana. Jibi ka ce ta bari sai an kwana biyu, ai ba gudu abin zai yi ba. Da haka da haka za ta bari da kanta, har ta ɗauka ita ta zaɓa. Ka ji ko?"

Jama'a! Na mayar baya na sake saurare, ko wata ce ta ari muryar. Umma ce. Umman da take cika min gora. Da Gwaggo ce da ko a jikina, ita dama a fili take harbi. Idona ya cika, na ji haushin kaina da na yi kuka a kan abin da na ɗauka da hannuna.

Na share ido na jira amsarsa. Hoton yana tsaye a kan itatuwa, ya ɗan yi lilo kaɗan kamar iska ce ta taɓa shi. Shiru. Babu ko kalma. Mutumin da in ka yi atishawa sai ya ce ba matsala, yau uwar yarinya ta miƙa masa hanya a faranti ya ƙi buɗe baki. Na ce a raina, ashe na zalunci bawan Allahn nan. Har na fara tuna cewa turaren nasa ma ba laifi. Kada ku yi min dariya, na ɗauki waya zan rubuta masa wani abu mai taushi.

Aikin ne ya cece ni. Gwaji ba ya cika sai an kalli biyun, don haka na ajiye wayar na sa katin Baiwar Allah. Mai shago bai yi mata ƙarya ba. Hoton yana rawa, iska tana bubbuga makirfo, hakina a gangare kamar ana hura wuta. Amma ana ganin komai, kuma in na ɗaura ta a ƙirji maimakon kai, rawar za ta ragu yadda zan iya gyara sauran a kwamfuta. Na ja zuwa wurin maganar Umma, na jera hotunan biyu gefe da gefe.

"Ka ji ko?" Umma ta ce a duka biyun.

A hagu, a hoton Ranki-ya-daɗe, itatuwa suna tsaye cak. A dama, itatuwan suka yi sama, ƙasa ta shigo, har kan takalminsa ya leƙo. Suka dawo. Suka sake yin sama, suka sake dawowa. Sannan makirfon nan mara tarbiyya ya kamo wani dogon numfashi daga ƙasan hular, irin wanda mutum yake saukewa in an karɓe masa kayan da ya daɗe yana ɗauke da su.

Gyaɗa kai ya yi. Kyamarar tana kansa, don haka duk abin da kan ya yi ita ma ta yi. Mai tsadar ta ɗauka gargada ce ta cinye ta, ta ɗauka numfashin iska ne ta zubar. Na mayar baya ban san iyaka ba. Na ce ko sunkuyawar ladabi ce. To wa yake sunkuyar da kai don ladabi ya ɗago ya sake, sannan ya yi ajiyar zuciya?

Ina cikin haka aka turo ƙofa. Umma ce, da wankakkun kayana a hannu. Muryarta tana fita daga kwamfutar, tana cewa gobe ka ce mutane suna magana. Ban dakatar ba. Na zuba mata ido ina jiran ta rikice, ta saki kayan, ta fara rantsuwa.

Ta ajiye kayan a kan kujera, ta zauna a bakin gado, ta matso da fuska kusa da hoton.

"Ya fito?" ta ce.

"Me ya fito?"

"Kan nasa. Na ji tsoro kada abin ya ƙi kamawa, tunda bai yi magana ba."

Na kalle ta baki buɗe. "Umma, kin san suna ɗauka?"

"Kullum kina cika mana kunne da a kunna a manta, a kunna a manta. Kin ɗauka nawa kunnen na rataye ɗan kunne ne kawai?"

"Amma kin ce masa ba ki sani ba."

"Allah ya yafe min wannan."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya miki me? Ni ma ban san abin da ke cikinsa ba. Ke in kin tambaye shi, abin da kike son ji zai faɗa miki. Ni ma abin da ya ɗauka ina son ji zai ba ni. Sai na ce bari in tsaya a ɗaya ɓangaren in ga ko zai biyo ni." Ta nuna hoton da haɓa. "Wallahi so na yi ya musa min, Auta. Da ya ce, Mama ki yi haƙuri, na riga na yi mata alkawari, da ni da kaina zan ce ki aure shi. Na ba shi lokaci. Har murmushi ya yi."

Kukan da na danne ya dawo, wannan karon ban ji haushinsa ba. Na kwantar da kai a kafaɗarta, tana warin sabulun wanki. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ture ni kaɗan, don Umma ba ta son a jiƙa mata riga.

"Ni lokacina babu wanda ya tambayar min," ta ce.

"Tambayar me?"

Ta miƙe ta gyara zaninta. "Ina budurwa tseren gudu nake yi. Babu wacce take kamo ni a makarantarmu, har wasu garuruwa aka kai ni. Ni ma na kafa sharaɗi, an kuma amsa min da fara'a."

Na kalli ƙafafunta cikin silifas ɗin roba, diddigen duk kaushi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin sun yi saurin da ya wuce na zuwa sauke tukunya ba.

Daga waje aka danna hon. Ƙofar gida ta yi ƙara, turaren ya riga mai shi shigowa. Sai muryar Gwaggo daga falo, gwiwa ta warke sarai: "Auta! Fito maza, baƙonki ya iso, da kwali a hannunsa har da kintinkiri! Kai ma kashe rediyon nan, yau za a yi magana!"

Umma ta miƙo min mayafina. "Ki zo da bakinki ko ki zo da kwamfutar, duk wanda ya fi miki sauƙi."

Na ɗauki kwamfutar. Har na kama hannun ƙofa sai na tsaya.

"Umma, Abba yana falon fa. Zai ji duk abin da kika faɗa."

"Ya ji mana," ta ce, ta buɗe ƙofar da kanta. "Ai kalmominsa ne na ara."